Ranar da Shafin Mai Fenti Ya Daina Ɗingishi

Shekara ashirin da shida Mai Dalma ya yi yana gyara, da fari rediyo, daga baya wayar hannu, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, inda ko miƙewa zai yi sai ya sunkuyar da kai. Yana da shekara hamsin da biyu aka zo faɗaɗa titi, aka kwashe benen da matakalarsa. Abokan sana'arsa kowa ya nemi wata rumfar ya raɓa. Shi kuwa ya ce ya gaji da gyaran gangar jikin waya, yanzu abin da ke yawo a cikinta yake so ya taɓa. Ya shekara biyu yana koyon rubuta shafukan intanet a kan wata kwamfuta da ya harhaɗa daga gawarwakin guda uku, har wani ƙaramin kamfani mai yi wa 'yan kasuwa shafuka ya yarda ya ɗauke shi gwaji na wata uku.

Ofishin ɗaki ɗaya ne dogo a hawa na biyu, tebur takwas, taga biyu, da fanka mai kukan tsufa. Duk waɗanda ke ciki ya haife su, har da Manaja, wata mace marar yawan magana da ke zama a ƙuryar ɗakin. Don haka tun ranar farko suka laƙaba masa Kawu. Bai damu ba. An kira shi da abin da ya fi wannan muni a bakin titi.

Ranar Alhamis wata ukun za su cika. Kuma ranar Alhamis ɗin, da ƙarfe goma na safe, Mai Fenti zai zo ya ga shafinsa.

Mai Fenti mutum ne mai shagunan sayar da fenti har biyar. Abin da ya nema shi ne shafi mai hoton ɗaki: bango, labule, kujeru, darduma, fitila, kabad, komai da komai. Mai saye ya taɓa launin da yake so, bango ya ɗauka, sai labule ya kaɗa ya koma launin da ya dace da bangon, inuwar fitila ta zame, kujeru su bi sahu. In aka ƙirga ƙananan abubuwan da aka haɗa ɗakin nan da su, sun haura ɗari shida, kuma kowanne da shigarsa, wato launinsa da girmansa da wurin zamansa. Dogo, babban gwanin ofishin, shi ya rubuta motsin, kuma ya rubuta shi da kyau, ko maƙiyinsa ya gani sai ya yaba. Rabon da aka ba Kawu shi ne gadi: ya rubuta abin da zai lura cewa wani abu ya sauya shiga, ya gaya wa motsin Dogo ya tashi.

Kawu ya yi shi yadda ya koya. Ya ƙirƙiro maigadi mai zagaye, wanda zai bi abubuwan nan ɗari shida ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: ka sauya? Ke fa, kin sauya? In ya kai ƙarshe ya dawo farko, sau sittin a kowace daƙiƙa. A kan manyan kwamfutocin ofis abin sumul yake tafiya kamar an shafa masa mai. Kowa ya gamsu.

To amma a makon da ya wuce, da Mai Fenti ya leƙo, yaran ofis motarsa suka kalla ta taga, da agogon hannunsa. Kawu wayarsa ya kalla. Tsohuwa ce, gilashinta da tsaga a kusurwa, an ɗaure bayanta da salatif. Ya buɗe cikin irinta ya fi sau ɗari, ya san ƙwaƙwalwarta ba ta fi ta ɗan tsako ba. Ranar Talata ya zo da irinta daga jakar tsofaffin wayoyin da yake ajiye da su a gida, ya buɗe shafin, ya taɓa shuɗi.

Bango ya tsaya yana tunani. Da ya ga dama ya sauya, sai labule ya taho yana ɗingishi, ya cije, ya yi tsalle, ya sake cijewa. Kafin minti biyu wayar ta yi zafi a tafin hannunsa.

Laifin ba na Dogo ba ne, ya sani. Maigadinsa ne ya cinye ƙarfin wayar da tambaya, bai bar wa motsi komai ba. Zai iya mayar da ita aljihu ya yi shiru. Amma mutumin da ya ga ciwo ya rufe da riga, wari ne zai tona shi. Ya tashi ya kai wa Manaja.

Ta taɓa ja, ta taɓa kore, ta ajiye wayar a tebur. Dogo ya leƙo ta kafaɗarta, ya yi dariya.

"Kawu, wannan ai ba waya ba ce, kayan tarihi ne. A wane rami ka tono ta?"

"A hannun Mai Fenti na ga 'yar'uwarta."

"To ai a babban allo za mu nuna masa. Wa zai sani?"

"Zai duba babban allonka don kunya," in ji Kawu, "sannan ya sa hannu a aljihu. Mutumin da ya riƙe waya shekara shida alhali yana iya sayen shagon wayar gaba ɗaya, ba ya yarda da shaidar kowa sai tata. Kuma masu sayen fentinsa irinta ce a hannunsu."

Manaja ta cire tabarau ta murza ido. "Ina matsalar take?"

"A wajena take, ranki ya daɗe."

"Ka san da kai da shafin nan rana ɗaya za a yanke muku hukunci?"

"Na sani."

"To ba zan ɓoye maka ba, Kawu. Masu kamfanin nan tun farko ba su so na ɗauki mai furfura ba. In abin nan ya ɗingisa a hannun mutumin nan ranar Alhamis, ba ni da bakin da zan ce a bar ka."

Ya koma teburinsa. Dabarar farko da ta zo masa ita ce ya rage wa maigadin zirga-zirga. Ya mai da zagayen sau goma a daƙiƙa maimakon sittin. Wayar ta ɗan huce, amma sai ɗakin ya zama kamar na kurame: bango ya sauya, labule bai ji ba sai can daga baya ya zabura. Ya mai da shi talatin, ya samu rabin ɗingishi da rabin kurumta. Har aka tashi aiki yana tsakanin biyun nan, gaba kura baya sayaki.

Ranar Laraba da sassafe yana tsaye a kicin, ya ɗora ruwan shayi. Matarsa na gefe tana goge rigar aikinta, don ita ma a wani shagon magani take aiki, ƙarfe takwas take fita. Ya buɗe murfin butar ya leƙa, ya rufe. Ya yi taku biyu ya dawo ya sake buɗewa. A karo na huɗu ta ajiye dutsen guga.

"Baban yara, wai kai da ruwan nan akwai wata a ƙasa ne?"

"Ina duba ko ya tafasa."

"Butar da ka sayo da kanka, ka zo kana mini tallarta, wai tana fito? Rufe ta ka nemi wuri ka zauna. In ta tafasa ita za ta kira ka. Kana buɗewa kana fitar da zafin, ka hana ta aikinta, ka hana kanka sakat, ka kuma tsaya mini a hanya."

Ya zauna a kan kujerar roba kamar yaron da aka tsawatar. Bai jima ba butar ta saki fito. Bai tashi ba.

"To ga shi ta kira ka, kuma ka ƙi amsawa. Yau na ga ikon Allah."

Shi kuwa hankalinsa ya riga ya hau bene na biyu. Ashe wannan ne aikin da ya sa maigadinsa: buɗe murfi ɗari shida, sau sittin a daƙiƙa, alhali a mafi yawan lokuta ba abin da ya tafasa. Abin da ake bukata shi ne kowane abu ya yi fito da kansa. To amma ina usur ɗin? Burauza, wato manhajar da ke buɗe shafuka a waya, ba ta sanar da kowa in abu ya sauya shiga. Ta sauya ta yi gum, shi ya sa ma ake sa maigadi.

Sai ya tuna wani abu da ya gani a rubutun Dogo. Akwai sauyi iri ɗaya da burauza ba ta iya yin shiru a kansa. In aka ce mata abu kaza kada ya sauya farat ɗaya, ya rikiɗa sannu a hankali cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, to da zarar rikiɗar ta soma sai ta yi shela. To wa ya ce dole sai rikiɗar ta yi tsawo? In ya ce mata kowane abu ya rikiɗa cikin kashi ɗaya daga dubu na daƙiƙa, ido ba zai ga bambanci ba, amma shelar dole ta yi ta. Ga usur nan a cikin gida tun tuni, ba wanda ya ɗaura shi a bakin buta.

Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Shayin fa?"

"Sha nawa ki haɗa da naki."

"Allah ya shirye ka. Takalminka ma ba iri ɗaya ka sa ba."

Ya dawo ya sauya ƙafa ɗaya, ya fita.

Kafin sha biyu ya sallami maigadin. Layi arba'in ya goge, ya rubuta goma sha huɗu. Yanzu ba mai zagaye, sai kunne guda da ke zaune shiru yana jiran shela. Ya buɗe shafin a tsohuwar wayar, ya taɓa shuɗi. Tun yatsansa bai gama ɗagowa ba bango ya koma shuɗi. Ya taɓa ja, ya taɓa ruwan ƙwai. Wayar sanyi ƙalau. Zuciyarsa ta fara rawa, sai ya lura da wani abu, rawar ta tsaya.

Labule ba ya kaɗawa. Inuwar fitila ba ta zamewa. Komai na sauyawa da sauri, amma tsalle ɗaya, kamar an kunna fitila an kashe. Duk lanƙwasar nan da Dogo ya yi sati uku yana sassaƙawa ta ɓace.

Daga can teburinsa Dogo ya miƙe, da yake shi ma shafin yana buɗe a gabansa. "Wa ya kashe mini labule?"

Ya taho da dogayen ƙafafunsa ya tsaya a kan Kawu.

"Kawu, aikinka aka ce ka gyara, ba nawa aka ce ka yi wa kaciya ba. Mayar da shi yadda yake. Gara mai ɗingishi da gawa."

Manaja ta ɗago kai. "Ƙarfe biyar zan rufe shafin, ba mai sake taɓa shi. Abin da na tarar a lokacin shi za a nuna gobe."

Kawu ya duba rubutunsa, ya duba na Dogo, bai ɗauki minti goma ba ya gano ɓarnar. Kowane abu a shafin layi ɗaya tak yake da shi na umarnin rikiɗa. Da ya rubuta nasa, sai ya hau kan na Dogo ya danne shi. Labulen da aka ce ya kaɗa cikin daƙiƙa biyu, yanzu an ce masa ya gama cikin ƙiftawar ido. Gyaran ba wuya a baki: a karanta abin da ke wurin tukuna, a ƙara nasa a bayansa. Amma Dogo ya warwatsa umarninsa a wurare da dama, da wasu sunaye da shi kaɗai ya san ma'anarsu. Kawu zai iya bin sawu shi kaɗai, sai dai zai kai Asabar.

Shekarun da ya yi a bakin titi sun koya masa cewa gwani ba a roƙonsa, ba a kuma yi masa gardama. Ya ɗauki tsohuwar wayar ya je ya ajiye ta a kan teburin Dogo.

"Me zan yi da ita?"

"Riƙe mini kawai, ɗana. Ka ce mini ko tana da zafi."

Dogo ya ɗauka da yatsa biyu kamar an ba shi mataccen ɓera. Ya taɓa launi ɗaya, ya taɓa wani. Ya juya ta ya dafa bayanta. Ya ƙara taɓawa da sauri da sauri. Girarsa ta haɗe.

"Sau nawa kake zagayawa yanzu?"

"Ba na zagayawa."

"Kamar yaya ba ka zagayawa? To ta ina kake sanin an sauya?"

"Su suke gaya mini."

Dogo ya jawo kujerar da ke kusa da ƙafa. "Zauna ka nuna mini."

Kawu ya zauna ya nuna masa layi goma sha huɗun. Dogo ya karanta sau biyu, leɓensa na motsi. Sannan ya jingina baya ya kama ƙeya.

"Kashi ɗaya daga dubu. Kawu, wannan ai zamba ce ka yi wa burauza."

"Ba zamba ba ce. Na lura tana da surutu a wuri ɗaya, na ba ta abin faɗa."

"Shekara takwas ina wannan aikin."

"Ni kuma shekara ashirin da shida ina sauraron wayoyi suna kuka da aikin irinku."

Wata yarinya a teburin gaba ta tuntsire da dariya, Dogo ya harare ta, amma shi ma bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya jawo allon rubutun kwamfutar gabansa. Shi ya ma fara hango abin da Kawu bai hango ba: duk inda ya riga ya sa rikiɗa mai tsawo, ba a bukatar ƙarin komai, don burauza tana shelar wannan tun da can. Sai wuraren da babu ne za a ɗaura musu ƙaramar. Suka bi abubuwan rukuni-rukuni, Dogo na fassara sunayensa, Kawu na gwadawa a wayar. Wajen ƙarfe uku labule ya kaɗa. Ƙarfe huɗu suka gano kayan cikin kabad ba sa shela muddin ƙofar na rufe, tunda burauza ba ta wahalar da kanta a kan abin da ba a gani. Kawu ya ce wannan kam a tambaye su sau ɗaya, lokacin da aka buɗe ƙofar, ba laifi ba ne a leƙa tukunya in za a sauke. Biyar saura kwata Manaja ta zo ta karɓi wayar, ta yi wasa da ita na ɗan lokaci, ta mayar masa. Sannan ta rufe shafin.

Ranar Alhamis Mai Fenti ya iso goma saura minti biyar, gajere, kakkaura, da ɗigon farin fenti a gefen takalminsa mai tsada. Aka zaunar da shi gaban babban allo. Dogo ya yi bayani, launuka suka yi ta shiga suna fita. Mai Fenti ya gyaɗa kai sau biyu, irin gyaɗawar da ake yi wa mai wa'azin da ya daɗe. Sannan ya sa hannu a aljihu.

Dogo ya saci kallon Kawu. Kawu ya kalli silin.

"Ku buɗe mini shi a nan," in ji Mai Fenti.

Aka buɗe masa. Ya riƙe wayar nesa da fuska, ya taɓa kore da kaurin yatsansa. Bango ya koma kore, labule ya kaɗa a hankali ya ɗauki ruwan toka, inuwar fitila ta zame ta kwanta a kan darduma. Ya taɓa ja. Ya taɓa fari. Sai ya shiga dannawa ba ƙaƙƙautawa, launi a kan launi, kamar mai son ya kama ɓarawo da kaya a hannu. Ɗakin ya bi shi duk inda ya nufa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya buɗe kabad, ya rufe, ya sake buɗewa. Daga nan ya ɗaga wayar ya manna ta a kumatunsa, yana saurare da fatarsa.

"Ba zafi," ya ce. Ya sake mannawa a ɗaya kumatun. "Kun san wasu sun yi mini irin wannan bara? Da na buɗe nasu, don tsabar zafi da wayar nan na so in goge hulata. Na ce musu ni fenti nake sayarwa, ba gawayi ba." Ya dubi samarin da ke tsaye. "Wane ne a cikinku ya san talaka?"

Dogo ya buɗe baki. Ya ɗan dubi Kawu tukuna.

"Motsin nawa ne, yallaɓai," in ji Dogo. "Amma da ba don Kawu ba, da yanzu kana goge hula."

Mai Fenti ya juyo ya ƙare wa Kawu kallo, daga furfura har takalmi. "Kai ne baban mai kamfanin?"

"A'a, yallaɓai. Ni ne ƙaramin ma'aikaci."

Mai Fenti ya yi dariya har da dukan cinya. Ya ce akwai shafi na biyu da yake so, na shagon tayil da zai buɗe, kuma da wannan tsohon yake so a yi. Manaja ta raka shi har bakin matakala. Da ta dawo ba ta wuce ƙuryarta ba, ta tsaya a teburin Kawu.

"Ranar Litinin ka zo da ƙananan hotuna biyu, masu farin baya. Za a yi maka katin aiki."

"Na gode, ranki ya daɗe."

"Kuma jakar nan ta tsofaffin wayoyi, ka kawo ta ofis gaba ɗaya. Daga yau ba shafin da zai fita sai ya bi ta hannunsu."

"Kawu," in ji Dogo daga teburinsa, "sai ka yi mana ragi, ka fara da masu ɗan sauran numfashi."

"Da wadda ta fi kowa tsufa za mu fara, ɗana. Ita ce ba ta iya ƙarya ba."

Bai jira Litinin ba. Da aka fita hutun rana ya sauka, ya tsallaka titi, ya shiga shagon mai hoto da ke kusa da wurin wankin mota. Mai hoton ya zaunar da shi gaban farin ƙyalle, ya gyara masa wuyan riga, ya ɗaga masa haɓa da yatsa.

"Baba, na takardun fansho ne? In su ne, guda huɗu suke karɓa."

"Biyu za ka yi mini," in ji Mai Dalma. "Na ɗaukar aiki ne."

Mai hoton ya leƙo daga bayan kyamara ya dube shi da kyau, ya ga ba wasa yake ba.

"To Baba, ɗan rage murmushin kaɗan. Ba sa son haƙora a katin aiki."

Ya yi iya ƙoƙarinsa. Sau uku ana ɗauka, haƙoran suna fitowa.